Biryani ne gwanina

Ɗan'uwa, ka tambayi wane abincin wata ƙasa ya fi kwanta mana a rai. Ni dai biryanin Indiya ne, musamman irin na Haidarabad. Ɗanyen nama ake jiƙawa cikin kindirmo da kayan ƙamshi, a shimfiɗa shinkafar basmati da aka ɗan tafasa a kansa, sannan a liƙe bakin tukunyar da kwaɓin fulawa kada tururi ya fita. Wallahi, in aka ɓalle murfin nan, ƙamshin kanumfari da soyayyiyar albasa sai ya cika gida.

Tajin na Maroko ma ina sonsa, naman rago da busasshen 'ya'yan itace. Sushi na Japan kuwa, har yau ɗanyen kifi bai karɓe ni ba.