Doka, ƙa'ida da aƙida: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, wani abokina ya ce shi ba ruwansa da doka, ƙa'idarsa yake bi. Ashe ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Ba ɗaya ba ne, ko da yake bakin mutane ya cakuɗa su. Doka kafa ta ake yi, kuma a bayanta akwai mai hukunci. Shi ya sa ake cewa an karya doka ko an taka ta, shi ya sa kuma a zamanin En'e ake ce wa 'yan sandanta 'yan doka. Ƙa'ida kuwa aro ce daga Larabci, ma'anarta ta asali harsashin gini, ta fito daga kalmar da ke nufin zama. Abin da ka zaunu a kai ke nan. Mutum kan gindaya wa kansa ƙa'ida: ba ya cin bashi, ba ya tsoma baki a maganar da ba a sa da shi ba. In ya saɓa, ba mai gurfanar da shi gaban alƙali, kunyar kansa ce za ta hana shi barci.

Amma a gaya wa abokin nan naka, son zuciya ba ƙa'ida ba ne. Wanda ƙa'idarsa ke sauyawa duk ranar da ta takura masa, ra'ayi gare shi.

Tun da mun zo nan, bari in yi ƙorafi kan aƙida. Asalinta ƙullawa, wato abin da zuciya ta ƙulle a kai. Yau an bar ta ga rigimar ƙungiyoyi da jam'iyyu, har ana cewa ɗan siyasa mai aƙida ga wanda ya sauya sheƙa sau uku. Masu rubuta "akida" da "ka'ida" ba lanƙwasa kuma, Allah Ya shirye su.

Tambaya: "Hali zanen dutse" na nufin mutum ba ya gyaruwa?

Amsa: Yana nufin gyaran da wuya. Gargaɗi ne ga mai hulɗa da mutum, ba uzuri ba ne ga mai mugun hali.

Tambaya: Wane ne mutumin kirki?

Amsa: Wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, ya ƙirga halaye 10 a nazarinsa na 1974, daga gaskiya da amana zuwa kunya da adalci. Duba su da kyau, yawancinsu ba kotun da ke tilasta su.