Amsa: Kuɗin kamfe kan rahoton kwari asara ne?

Ka ce ko kuɗin da gwamnati ke zubawa a rediyo da fosta don manoma su kai rahoton kwari da muguwar ciyawa asara ne. Ba asara ba ne ɗan'uwa, malaman gona nawa ne za su zagaye kowace gona? Manomi ke fara gani. Misali, tsutsar nan mai cin masara da ake kira fall armyworm ta ɓulla Afirka a 2016, a 2018 har ta kai Indiya, kuma in ta shige tsakiyar ganye feshi da kyar yake samunta.

Amma fa sai da mai ɗaga waya. Na taɓa kiran lambar da aka bayar don kai rahoto ranar da na ga ganye duk huji da kashin tsutsa kamar garin katako, sati biyu shiru, daga nan maƙwabtana suka daina kira.