Kafin ka kwance tamostat, taɓa tiyo

Jiya muna rufe gareji ka tambaye ni, "Oga, yaya ake gane tamostat ya mutu, alhali a ɓoye yake ba a ganinsa?" Na ce ka bari sai da safe. To matso, ɗana, ga mota a gabanmu.

Tamostat ƙofa ce tsakanin injin da lagireto. A cikinsa akwai ɗan ƙoƙo cike da kaki. Muddin injin na da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa na zagaya injin kaɗai don ya yi ɗumi da wuri. Da zafi ya kai, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya huce ya dawo. Goge jikinsa za ka ga lamba. Na Toyota da yawa 82 ke rubuce, wato a digiri 82 yake fara buɗewa.

Idan ya maƙale a rufe, motar ba ta ɓoye maka. Ba a yi nisa ba allurar zafin injin ta haye ja, ruwa na tafasa. Nemo tiyon da ya shiga gidan tamostat. A Corolla na ƙasa ne, a wasu motocin na sama. Kashe injin, ka kiyayi fanka, ka dafa tiyon. Injin na ƙuna amma tiyon nan sanyi kamar randa? Ƙofa ba ta buɗe ba. Kuma ina roƙonka, kada ka taɓa murfin lagireto a wannan hali. Na ga yaron da ruwan ya saɓule wa fatar hannu, har yau tabon na nan.

Sai dai ba duk zafi ne laifinsa ba. Duba ruwa ya cika, fanka na tashi, famfon ruwa ba ya yoyo, lagireto bai toshe ba.

Wanda ya fi damuna shi ne mai maƙalewa a buɗe, don babu mai kawo ƙararsa. Mai mota har murna yake yi wai motarsa ba ta zafi. Allura na kwance ƙasa, musamman da safiyar hunturu, in an hau babban titi ta ƙara sauka. Ita kuwa kwamfutar motar tana ganin injin bai yi ɗumi ba, sai ta yi ta ƙara mai. Tanki na saurin ƙarewa, fulogi na yin baƙi, baƙin mai na lalacewa kafin lokacinsa. In ka jona na'urar gano matsalar mota, sau da yawa lambar matsala P0128 za ta nuna. Ko babu na'ura, tada motar da sassafe ka riƙa dafa tiyon nan. Mai lafiya zai bar shi da sanyi na ɗan lokaci, sannan ya ɗau zafi. In tun farko yake ɗumi a hankali tare da injin, a buɗe yake.

In kana shakka, ciro tamostat ɗin ka rataya da waya cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindinta, ka ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga bakinsa ya buɗe, in ya huce ya rufe ruf.

Za ka ji ana cewa da an kawo mota daga waje a cire shi a yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda ba, kuma ba a yin haka a garejina. Injin yana da zafin da yake son aiki a kai, a Kano yake ko a Jamus. Wanda ya cire shi ya bar ainihin ciwon, ya ƙara wa mai mota kuɗin mai.

Abin da ke kashe shi a nan yawanci tsatsa ce da dattin ruwan rijiya. In za ka sa sabo, nemi mai lamba ɗaya da tsohon, da sabuwar roba, ɗan ƙaramin ramin iskar da ke jikinsa ya kalli sama. Zuba ruwan lagireto na gaske, ka fitar da iska. Yanzu je ka ɗora tukunya, mu gwada na motar nan.