Amsar tambayarka a kan hular kwano da gwajin mashin

Ɗana, jiya da la'asar, sa'ad da na tsayar da kai a bakin gareji na ce ba za ka fita da mashin ɗin da ka gama ɗaure wa birki ba sai ka sa hular kwano, ka tambaye ni amfanin hula ga mutumin da iyakar tafiyarsa daga nan zuwa shataletale ne ya juyo, ka kuma ƙara da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ajali idan ya zo babu hular da za ta tare shi. Ban amsa maka a lokacin ba domin mai mashin yana tsaye, kuma ba ɗabi'ata ba ce in yi wa yarona gyara a gaban mai kawo aiki. Tambayar kuwa ba ta raini ba ce, ni ma na yi irinta ina saurayi, shi ya sa na zauna bayan isha'i na rubuta maka amsar a tsanake.

Duk wanda ka gani a kan mashin a garin nan yana hawan abin da ya sani ne, ban da makaniki. Mai mashin ya san inda birkinsa yake kamawa, ya san ɓangaren da kan mashin yake ja, ya san tayar da ta suɗe. Mu kuwa muna hawan mashin ɗin da ba namu ba, wanda muka warware ƙusoshinsa sa'a ɗaya da ta wuce, kuma dalilin hawan namu shi ne mu gano ko akwai sauran matsala. Idan har akwai ta, a jikinmu za ta fara bayyana. Saboda haka tafiyar da ka raina saboda gajartarta, a wurina ita ce mafi hatsari a duk aikin da muke yi daga safe zuwa yamma.

Batun cewa a hankali za ka tafi ma bai kuɓutar da kai ba. Idan kana zaune a kan mashin, kanka yana sama da kwalta da kusan mita ɗaya da rabi, kuma duk abin da ya faɗo daga wannan tsayi yana isa ƙasa da gudun da ya kusa kilomita 20 a sa'a, ko da mashin ɗin a tsaye yake. Wannan kaɗai ya isa ya fasa ƙoƙon kai idan ya sauka a kan kankare. Sai kuma ka haɗa da gudun gaba. Wanda ya daki abu a tsaye yana gudun kilomita 50 a sa'a, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin dukan ninkawa yake yi sau huɗu.

Ka sha ganin tsohuwar baƙar hular nan da ke rataye a ƙusa bisa akwatin sifanu, wadda na hana kowa ya taɓa. Na saye ta ne a farkon 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta dokar sa hular kwano daga ranar 1 ga Janairu. Kai kana ƙarami a lokacin, amma a nan Kano mun ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, wasu robar fenti, fasinjoji kuma suna ƙin sawa, wai suna tsoron asiri ko cutar fata. Ni ma ban fi su hankali ba, domin tsoron tara ne ya sa na saya, kuma ɗora ta kawai nake yi a ka ba tare da na ɗaure ba. Wata rana iskar tirela ta fizge ta ta yi ta gangarawa a titi, daga nan na fara ɗaure igiyar haɓa, don tausayin kuɗina ba don tausayin kaina ba.

Da damina ta sauka, wani ya kawo mashin yana kukan birkin gaba ba ya ci. Na canza masa, na ɗaure waya, na hau domin in ji kamunsa. Ruwan daren jiya ya janyo yashi ya shimfiɗa a gefen kwalta. Ban yi nisa ba sai mai kurar ruwa ya turo kai daga lungu, hannuna kuwa ya damƙe birki da ƙarfin da ya saba damƙar tsohon birki, alhali wannan sabo ne fil. Tayar gaba ta ƙulle a kan yashin, kafin in ankara mashin ya zame daga ƙarƙashina. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙara guda a cikin kunnena na dama, kamar an buga taɓarya a turmi, sai kuma na gan ni kwance ina kallon ƙafafun mutane. Gefen kaina ne ya daki bakin kwata na kankare.

Ga lissafin abin da na kwasa a ranar. Ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa ya karye. Tafin hannuwana biyu sun saluɓe har jan nama ya fito, na yi kusan wata guda ana ba ni abinci a baki, kuma mai aikin hannu ne kaɗai ya san irin wannan zaman. Silifas ne a ƙafata, don haka farcen babban yatsa ya tafi, salansa kuma ta kwanta mini a ƙwauri ta bar tambarin da kake gani idan ina alwala. Kaina kuwa, wanda shi ne ya sha duka mafi ƙarfi, ko ƙwarzane bai samu ba. Wurin da na rufe ya tsira, duk wurin da na bari a buɗe ya biya.

Bayan na warke na yaye yadin cikin hular domin in ga abin da ya faru, kuma ina so gobe ka sauko da ita ka duba da idonka. Ƙoƙon waje ya tsage kaɗan. A ƙarƙashinsa akwai farin soso mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tallafe sabon firji da shi a cikin kwali, kuma daidai wurin da ya daki kankaren ya lotse sosai, bai sake tasowa ba har yau. Wannan soso shi ne ainihin hular. Ƙwaƙwalwa laushi gare ta, tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, idan kai ya tsaya cak farat ɗaya sai ta ci gaba da tafiya ta bugi ƙashi daga ciki. Aikin soson shi ne ya murƙushe a hankali ya ja lokacin tsayawar kai, ko da na ƙiftawar ido ne, domin dukan ya isa ƙwaƙwalwa da sauƙi. Tun da sau ɗaya yake murƙushewa, hular da ta taɓa shan duka ta gama aiki ko da wajenta yana sheƙi, kuma wannan ne ya sa ba na son hular gwanjo, domin ba ka san kan da ta riga ta cece shi ba. A shekarun baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙididdigar cewa hular da aka sa daidai tana rage hatsarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69 cikin 100. Ka lura da kalmar daidai. Hular da ba a ɗaure ba ita ce ke fara barin kai, tun kafin mutum ya kai ƙasa.

Idan za ka saya, kada fenti ya ruɗe ka. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ta ƙwarai takan kai kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka cusa yatsa ƙarƙashin yadi ka tabbatar farin soson nan yana nan kuma kaurinsa ya kai kamar inci ɗaya, domin da yawa a kasuwa roba ce kawai da ɗan yadi. Akan sami tambarin da ke nuna hula ta cika ƙa'idar inganci, wato haruffan DOT a ƙeya, ko harafin E cikin da'ira a jikin igiya, sai dai manna takarda ba wuya ba ne, don haka ka fi amincewa da yatsanka. Ka sa ta, ka ɗaure, ka girgiza kai, idan tana yawo ta yi maka yawa. Yatsa ɗaya ko biyu ne ya kamata su shiga tsakanin igiya da haɓa. Hular ma'aikatan gini an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta rufe gefen kai da ƙeya. Na fi son mai rufe haɓa, domin fuska tana yawan riga sauran jiki isa kwalta.

Sauran kayan ba sa buƙatar dogon bayani. Mutum ba ya faɗuwa bai kai hannu ƙasa ba, saboda haka safar hannu ta fata, ko da irin ta masu walda ce, ta fi babu nesa ba kusa ba. Takalmi ya zama rufaffe mai kama idon sawu, wando ya zama mai kauri. Ranar Juma'a idan ka sa doguwar riga ka tattare ta a cinya, kuma ka riƙa gaya wa masu goyon iyalinsu su duba gefen hijabi da zane, domin sarƙa da wayoyin taya idan suka kama yadi ba sa saki sai sun fizgo mai shi.

Akwai abin da ya faru ina kwance a wurin wanda shi ma darasi ne. Jama'a sun taru da kyakkyawar niyya, wani yana ƙoƙarin zare mini hula, wani ya kawo ruwa in sha, wani ɗan'uwanmu makaniki ya zo da man birki zai zuba a ciwon. Duk ukun kuskure ne. Wanda ya daki kansa ana ɗauka wuyansa ma ya taɓu, ba a murɗa shi, ba a ciccibe shi ta hannu da ƙafa, ba a kuma cire masa hula sai idan numfashinsa ya tsaya ko yana amai. A danne wurin da ke zubar jini da ƙyalle mai tsabta, a kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112. Man birki guba ne ga nama, ruwa mai tsabta da sabulu sun wadatar kafin a kai asibiti. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutumin da ya tashi ya karkaɗe jiki ya ce lafiyarsa ƙalau. Ƙashin gefen kai siriri ne, jijiyar jini kuma tana bi ta ƙarƙashinsa, idan ta tsage jini yakan yi ta taruwa a ciki mutum yana hira da dariya, sai bayan wasu sa'o'i ciwon kai ya tsananta, amai ya zo, barci mai nauyi ya kama shi. Irin wannan ba na mai ɗori ba ne, ba na mai kemis ba ne, asibiti ake kai shi nan take ko yana gardama.

Maganar ajali kuwa, ba na musu da kai, kowa da ranarsa. Sai dai in tambaye ka, idan haka ne me ya sa muke karɓar kuɗin mutane muna gyara musu birki? Sannan ba duk wanda ya faɗi ne yake mutuwa ba. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala ranar ziyara ka ga samarin da ajalinsu bai zo ba, amma mashin ya kwantar da su wata da watanni. Waɗannan ma ƙashi ne, yana haɗewa. Na san magidanci da ya rayu bayan ya daki kansa, yau shekaru ke nan bai iya riƙe sunayen 'ya'yansa ba.

Na yarda cewa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, hular kwano azaba ce, kuma na san abokanka za su yi maka dariya. Ka zaɓi fara mai kafofin iska, ka riƙa wanke yadin ciki. Ranar Asabar idan mun tashi za mu shiga kasuwa tare ka gwada wadda ta dace da kanka, ni zan biya rabi, sauran kuma in riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga kuɗin sallamarka. Kafin nan ka yi amfani da tawa sabuwa, tana cikin akwati na biyu tare da safar hannu, kuma ka sake duba wayar birkin mashin ɗin jiya, domin na ji ta ɗan yi tauri.