Filin Tambaya da Amsa: Ina Motar Saab Ta Shiga?

Wasiƙu huɗu muka ware a wannan fitowa, dukkansu a kan mota guda, wato Saab ta ƙasar Suwidin, wadda aka daina ƙerawa. Mun taƙaita wasu daga ciki saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga wata mota mai suna Saab 900 a wani baje-kolin tsofaffin motoci, aka ce mini kamfanin jiragen yaƙi ne ya ƙera ta. Shin gaskiya ne, ko kuwa daɗin bakin masu talla ne? Daga wani ɗalibi mai karatun injiniya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Wanda ya gaya maka haka bai yi ƙari ba, ko da yake akwai wurin da masu talla suka sa nasu gishirin. Sunan Saab taƙaitawa ce ta Svenska Aeroplan Aktiebolaget, wato kamfanin jiragen sama na Suwidin, wanda aka kafa a 1937 domin ya ƙera wa sojojin saman ƙasar jirage a lokacin da ake jin ƙishin-ƙishin yaƙi a Turai. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, buƙatar jiragen yaƙi ta ja baya, sai kamfanin ya ɗora wa wasu injiniyoyinsa aikin ƙera mota, ƙarƙashin Gunnar Ljungström, wanda gwanintarsa a fannin fiffiken jirgi take, shi kuwa Sixten Sason ya zana siffarta. An nuna samfurin farko a 1947, sannan a watan Disamba na 1949 aka fara ƙera Saab 92 a garin Trollhättan. Wanda ya kalle ta daga gefe zai ce an yanko fiffiken jirgi ne aka sa masa tayoyi, kuma duk na farkon launi ɗaya aka yi musu, kore mai duhu.

Injinta ƙarami ne ƙwarai, silinda biyu da ƙarfin doki 25, irin na tsofaffin baburan nan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur. Tun da kai ɗalibin injiniya ne, ga abin da ya kamata ka lura da shi: irin wannan inji ta cikin fetur yake samun man da ke sa gaɓoɓinsa santsi, saboda haka idan direba ya ɗauke ƙafa daga totur a doguwar gangara, injin zai ci gaba da juyawa da sauri alhali man ya ragu. Maganin da aka yi shi ne wata na'ura da ke raba injin da tayoyi da zarar an saki totur, motar ta yi ta gangarawa sakaka, injin yana huci a hankali. Illar hakan ita ce injin ba ya taya birki riƙe motar. Da irin wannan mota mai ƙaramin inji, Saab 96, Erik Carlsson, haifaffen Trollhättan, ya ci gasar tseren RAC ta Birtaniya sau uku a jere daga 1960 zuwa 1962, ya kuma ci ta Monte Carlo a 1962 da 1963, yana taka birki da ƙafar hagu don kada ta dama ta bar totur. Sai a 1966 aka sa wa 96 injin Ford mai silinda huɗu, aka ci gaba da ƙera ta har 1980.

Inda gishirin yake shi ne nan: tun 1990 aka ware sashen motoci ya zama kamfani mai zaman kansa, don haka tallan da aka riƙa yi a Amurka a shekarun 2000, mai nuna cewa jirgin yaƙi ne ya haifi motar, tsohuwar dangantaka yake tallatawa. Kamfanin jiragen yana nan da ransa, shi ne mai ƙera jirgin yaƙin Gripen. Na motocin ne ya mutu.

TAMBAYA: Ɗana, na yi shekara bakwai ina aiki a Suwidin, kuma 900 Turbo ƙirar 1986 na riƙa hawa. Ranar da na kawo ta gida na fi minti goma ina kokawa da makulli ya ƙi fita, har wata dattijuwa maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa gilas, ta miƙo hannu ta nuna mini giyar baya, ina sakawa makullin ya zare kamar ba shi ba. Da hunturu, kafin in kai ƙarshen layinmu kujerar ta ɗumama bayana. Abin da ban manta ba kuwa shi ne idan na biyo babbar mota mai ɗauke da gungumen itace ina son wucewa: in taka totur, motar ta yi shiru kamar mai jan numfashi, sai in ji wani siririn fito, allurar turbo ta tashi, kujera ta tokare ni, kafin in ankara na bar babbar motar a baya. Me ya sa aka sa makullin a tsakanin kujeru, kuma mene ne sirrin wannan jinkiri da ke zuwa kafin ƙarfin? Daga wani dattijo da ya yi ritaya.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba, wasiƙarka ta fi amsata daɗin karatu, kuma ba kai kaɗai makullin nan ya ba kunya ba. An fara sa shi a tsakanin kujeru ne a kan Saab 99, wadda ta shiga kasuwa a 1968. Dalili na farko shi ne kare gwiwar direba, domin idan aka yi karo jikin mutum gaba yake zamewa, kuma makulli da tarin ƙarafan da ke rataye a jikinsa suna daidai inda gwiwa za ta buga idan a gindin sitiyari suke. Na biyu shi ne maganin ɓarayi: maimakon a kulle sitiyari, giyar aka kulle a ta baya, wanda ya saci motar sai dai ya tafi da ita da baya. Akwai kuma sauƙin da masu motar kan yaba da shi bayan sun saba, wato hannu ɗaya ya ɗaura bel, ya murɗa makulli, ya sauke birkin hannu, ya sa giya, duk a wuri guda.

Jinkirin da ka ji kuwa ɗabi'ar turbo ce ta wancan zamani. Hayaƙin da inji ke fitarwa shi ne ke juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya ta biyu da ke cusa iska cikin silinda, sai an sami isasshen hayaƙi kafin farfelar ta ɗauki gudu, kuma wannan fiton da ka ji ƙararta ce. Ba Saab ce ta fara sa turbo a motar hawa ba, domin Oldsmobile da Chevrolet sun gwada a 1962, BMW a 1973, Porsche ma ta riga ta. Abin da Per Gillbrand da abokan aikinsa suka yi daban shi ne sun zaɓi ƙaramin turbo mai saurin tashi, suka haɗa shi da wata ƙofa da ke zubar da rarar hayaƙi, don ƙarfin ya zo a tsakiyar gudu, inda magidanci ke buƙatarsa wajen wuce babbar mota a hanya mai layi biyu. Aka nuna 99 Turbo a 1977, injinta lita biyu da ƙarfin doki 145. A ganina rashin kuɗi ne ya haifi wannan dabara, domin ƙaramin kamfani irin Saab ba shi da halin ƙera sabon inji mai silinda shida, sai ya nemi ƙarfin shida daga huɗun da yake da su.

Kujerar da ta ɗumama maka baya, tun 1971 Saab ta fara sa ta, shekara ɗaya bayan ta sa wa fitilun gaba abin share dusar ƙanƙara da taɓo. Ginshiƙan gilashin gaba ma an ƙarfafa su ne saboda wata ƙatuwar dabbar dawa dangin barewa da ke tsallaka hanyoyin Suwidin, wadda idan mota ta buge dogayen ƙafafunta gangar jikinta kan faɗo a kan gilas. Ita 900 ɗin da ka hau, an ƙera irinta fiye da 900,000 daga 1978 zuwa farkon shekarun 1990, kuma da ka leƙa ƙarƙashin bonet da ka ga abin da ke ɗaure wa sababbin kanikawa kai: injin a juye yake, kulocin yana ta gaba kusa da lagireto, akwatin giya kuma a ƙarƙashin injin.

TAMBAYA: Malam, a ganina kamfanin General Motors na Amurka ne ya kashe Saab da gangan. Ko ka yarda? Daga wani mai sha'awar motoci.

AMSA: Ɗan'uwa, ban yarda gaba ɗaya ba, ko da yake na san wannan ita ce maganar da ta fi yawo a bakin masoyan motar. Ka fara da tambayar kanka abin da ya sa aka sayar da ita tun farko. A ƙarshen 1989 sashen motoci na Saab-Scania, wato uwar kamfanin a lokacin, asara yake tafkawa, ana ta neman wanda zai ɗauki nauyinsa, har an yi nisa da Fiat kafin General Motors ya shigo ya sayi rabi a kan dala miliyan 600, sannan ya sayi sauran rabin a 2000. Wato majinyaci aka kai masa.

Ciwon kuwa na ƙididdiga ne. Kuɗin ƙirƙiro sabuwar mota kusan ɗaya ne, ko za a sayar da ita da yawa ko kaɗan, kuma a kan yawan motocin da aka sayar ake raba shi. A shekarar da Saab ta fi ciniki, 2006, motoci kusan 133,000 ta sayar, alhali BMW da take son yin gogayya da shi ya haura miliyan ɗaya a shekara. Shawarar General Motors ita ce a riƙa ɗora Saab a kan ƙashin motocin Opel, kamfanin Jamus da yake mallaka a lokacin, don a rage kashe kuɗi, kuma haka aka yi da sabuwar 900 ta 1993 da 9-5 ta 1997. Amma injiniyoyin Trollhättan ba su iya karɓar abu su bar shi yadda ya zo, sai sun sake wannan, sun ƙarfafa wancan, har rarar da ake nema ta zube. Taurin kan da ya sa dattijon da ya rubuto mana a sama yake tuna motarsa har yau, shi ne kuma ya hana ta biyan kuɗin kanta.

Wannan bai wanke General Motors ba. Ya bar 9-5 ta tsufa a kasuwa fiye da shekara goma ba tare da magajiya ba, kuma a 2004 da 2005 ya liƙa sunan Saab a kan Subaru Impreza da Chevrolet TrailBlazer, ya kira su 9-2X da 9-7X, abin da bai yaudari kowa ba.

Ƙarshen ya zo da sauri. Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya durƙusar da General Motors kansa, ya yar da samfuran motocinsa na Pontiac da Saturn da Hummer, gwamnatin Suwidin kuma ta ce ba za ta mallaki masana'antar mota ba. Cinikin sayar da Saab da aka ƙulla da Koenigsegg, wani ƙaramin kamfanin motoci na Suwidin, ya wargaje a Nuwamba 2009. A Fabrairu 2010 Spyker na ƙasar Holan, ƙarƙashin Victor Muller, ya saye ta, kamfanin da shi kansa 'yan motoci ƙalilan yake ƙerawa a shekara. Sabuwar 9-5 ta fito a 2010, amma ba a ƙera ko 12,000 ba, domin a farkon 2011 masu kawo kayan haɗi suka daina kawowa saboda bashi, layin ƙira ya tsaya. Kamfanonin Youngman da Pang Da na ƙasar Sin sun so su saya, General Motors ya ƙi yarda fasaharsa da ke cikin motocin ta koma hannunsu, kuma a nan ne maganarka ta fi ƙarfi. Ranar 19 ga Disamba 2011 Saab ta shigar da takardar karyewa a kotu. Kamfanin NEVS da ya sayi abin da ya rage a 2012 ya sake ƙera 'yan ɗaruruwan 9-3 daga Disamba 2013 zuwa Mayu 2014, daga nan kuɗi suka yanke, kamfanin jiragen kuma ya janye izinin amfani da sunan.

TAMBAYA: Ina zaune a Turai, kuma an yi mini tayin Saab 9-5 ƙirar 2001. Na gwada ta da dare, mai ita ya danna wani maɓalli, duk fitilun dashbod suka mutu sai na agogon gudu kaɗai, na ji idanuna sun huta. Na so ta, amma ina tsoron rashin kayan gyara. Daga wata ma'aikaciyar jinya.

AMSA: Malama, wannan maɓalli shi ake kira Night Panel, kuma kada duhun ya tsorata ki, domin idan fetur ya yi ƙasa ko inji ya yi zafi, agogon da abin ya shafa zai kunna kansa. Game da kayan gyara, sashen da ke sayar da su bai shiga cikin karyewar ba, ya ci gaba da aiki a garin Nyköping, a 2013 ya koma suna Orio, kuma motar tana da kaya da yawa da ta yi tarayya da Opel. Abin da kan yi wuyar samu shi ne wasu sassan jiki da na cikin ɗaki, waɗanda ƙungiyoyin masu Saab suka fi kowa sanin inda ake samo su.

Abu biyu za ki bincika kafin ki biya. Injin mai silinda huɗu na shekarun farko na 9-5 an san shi da daskarewar baƙin mai, wanda kan toshe rariyar da ke tsotso mai daga ƙasan inji, saboda haka ki nemi takardun da ke nuna ana juyen mai a kan kari, kuma ki sa bakaniken da ya san Saab ya kwance kaskon ƙasa ya duba da idonsa. Na biyu shi ne doguwar na'urar ba da wuta da ke zaune a kan filogogi, wadda kan mutu ba sallama. Sauya ta aikin 'yan mintuna ne da ɗan abin kwance noti, shi ya sa tsofaffin masu wannan mota kan ajiye guda a but.