Amsar muryar da aka aiko kan bidiyon mai kama ƴan mitsi-mitsin kifi

Salamu alaikum ƴan gurup, ina kwananku, ya sanyin Yamai. Ƙanena na ga bidiyon da ka turo jiya da dare, na baturen nan da ya durƙusa bakin wani ɗan rafi da ƴar sanda yana ciro kifin da bai kai ɗan yatsa ba, ya ɗauki hoto ya maida shi ruwa, kuma na ji tambayarka, ka ce mi amfanin wanga abu, ba ɓarnar ƴaƴan kifi ba ce. Alhaji ma ya ce aikin wanda ya ƙoshi ne. To ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo don abin ya daɗe yana raina.

Da farko abin ba sabo ba ne. Mutanen Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna yin shi, tun zamanin da Tokyo take da sunan Edo, akwai wani ɗan kifinsu tanago da suke nema, kuma gwaninta a wurinsu ita ce ka kama wanda ya fi ƙanƙanta, wanda zai kwanta bisa kwabonsu na yen ɗaya bai wuce ba, faɗin kwabon santimita 2 ne, kusan kamar dala guda tamu ta sefa. Kifin ma abin mamaki ne, macen cikin ƙumbar ruwa mai rai take zuba ƙwai, ƴaƴan su ƙyanƙyashe can ciki. Daga baya ƴan Amurka sunka ɗauka, su kuma abin da suke ƙirgawa iri nawa mutum ya taɓa kamawa a rayuwarshi, ba kilo nawa ba.

Amma ni abin da nike so ku gane, wallahi shi ne ya sa na danna rikodin, ba kowane ƙaramin kifi ba ne ɗan kifi. Mu nan duk abin da bai cika tafin hannu ba sai mu ce ai yaro ne bai girma ba, alhali a kogin Isa ga da ke gabanmu da ƙoramun da ke zuba cikinshi akwai irin da ko shekara nawa ya yi ba ya wuce santimita 3 ko 4, ya balaga, yana da ƙwai a ciki, haka Allah ya yi shi. Ku je bakin ruwa da safe wajen Saga ko Kirkisoye inda magudanun shinkafa suke, ku tsaya tsit kada inuwarku ta faɗa ruwan, za ku ga wasu ƴan garke suna yawo daf da saman ruwa, jikinsu kamar babu, abin da kawai za ka gani saman idonsu ne yana ƙyalli shuɗi-shuɗi. Waɗanga manya ne. Kuma aikinsu cin tsutsar sauro da ƴan ƙwarin da ke faɗowa ruwa, su kuma tsage da giwan ruwa da tarwaɗa su ci su. In ka kwashe su giwan ruwan da muke alfahari da shi, mai iya kai mita 2, mi zai ci yana ƙarami?

Akwai ma wanda ya fi ban mamaki, ƴan Tawa ku saurara don ku abin ya fi shafa. Tabkin damina da ya bushe ƙurmus da rani har ƙasa ta tsattsage, ruwa na sauka bayan ƴan makonni ka ga kifi ciki, sai a ce da ruwan sama ya faɗo. Gaiwa dai kowa ya san ta, tana shiga laka ta lulluɓe kanta ta yi barci har ruwa ya dawo. To akwai wasu ƙanana masu launi, namijin ja da shuɗi, su iyayen mutuwa suke in tabki ya ƙafe amma ƙwansu na nan cikin busasshiyar laka duk tsawon rani, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe, su girma da gaggawa su yi nasu ƙwan kafin ruwa ya sake tafiya, duk rayuwar ƴan watanni. Ɗaya daga cikinsu ma a Kiyawa ta ƙasar Hausa ta Najeriya anka samo shi, masana sunka fara rubuta bayaninshi tun 1928. Muna taka ƙwansu da takalmi ba mu sani ba.

Yanzu ɓarna. Mutum guda da ƙugiya guda yana ciro ɗaya-ɗaya yana maidawa, wanga ba shi ne ke ƙarar da kifi ba. Abin da ke ƙarar da kifi gidan sauro ne da ake ja bakin ruwa, wanda anka raba don kare yara daga masassara, shi ba ya barin komi, da balagaggen ƙaramin da ɗan karfasa da ɗan giwan ruwa duk ya kwaso a shanya bisa buhu, sannan ga masu zuba guba da doka ta hana. Ku tambayi tsofaffin Sorkawa na Gamkale ko Gudel su gaya muku yadda kamu yake da da yadda ya koma. Ban ce mai jan gidan sauro mugu ba ne, sau da yawa miyar gida yake nema, amma abin na cin zuciyata in na ga tulin ƴaƴan karfasa da in an bar su wata shida da sun cika faranti.

Kuma nan ne ƴar ƙugiyar ga take da amfani, don tana koya ma ido. In ka sa kifin cikin kwalba mai haske da ruwa ka duba shi ta gefe, ɗan karfasa za ka ga baƙin ɗigo ƙarshen ƙayar bayanshi, da ratsi-ratsi a tsaye, ɗan giwan ruwa kuwa bakin ya yi mishi yawa jikin da dabbare-dabbare, kawara na da ƴar fiffike ƙarama ta nama daf da wutsiya. Yaron da ya koyi wanga ba zai sake ce ma komi kifi kawai ba.

Wanda ke son gwadawa kayan ba tsada. Sanda siririya mita 1 zuwa 2, zaren roba mafi siriri da za ka samu wajen masu saida kayan kamun kifi, tsawon sandar ko ƙasa, ƙugiya mafi ƙanƙanta ka danne ƴar ƙayar da filaya don ta fita ba ta yaga baki ba, ɗan guntun totuwar kara ko gashin tsuntsu ya zama abin da ke iyo, ɗan darma kaɗan. Abinci kuwa nan mutane ke kuskure, suna sa tana guda, a'a, ɗan mitsitsin da zai rufe tsinin ƙugiyar kawai, ko ƙullin fulawa da gwaiduwar ƙwai. Kana ganin kifin da idonka kake sauke mishi, in totuwa ta motsa ka ɗaga a hankali da wuyan hannu, kada ka fizga. Jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, busasshen hannu na ɗebe mishi santsin jiki, kuma kada ya wuce ƴan daƙiƙoƙi a waje.

Lokaci, Agusta da Satumba ruwan ja ne ba ka ganin komi. Ka bari ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gini yana isowa Disamba da Janairu ya fara janyewa, ya bar ƴan kududdufai da gefe mai ciyawa, sannan.

Hajiya kin ce yaranki sun gani suna so su je, to don Allah kada su tafi su kaɗai kuma kada su shiga ruwan, daga gaɓa za su tsaya. Tsargiya na nan cikin ruwan kwance mai katantanwa, ta fata take shiga, in yaro ya fara fitsarin jini a kai shi likita ba jira. Dorina ma na nan kogin, in masunta sun ce kada a je wuri kaza to kada a je. Magudanun shinkafa kuma na masu gona ne, a yi sallama a nemi izini. Ruwan ƙoramar Gunti Yena ta cikin Yamai ku bar shi, dattin ya yi yawa.

Ƴan Tawa wanda hanya ta bi da shi ta tabkin Tabalak ko na Ɗan Dutsi, in ya ga irin ƙananan ga wajen masunta ya ɗauko mana hoto ta gefe, fiffike a buɗe, ya rubuta wurin da watan ya turo nan gurup. Sai an jima, a gaida gida.