Shin "Wu Wei" Lalaci Ne da Aka Yi wa Ado?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na ji wani malamin tarihi yana cewa masu falsafar Tao ta ƙasar Sin suna koyar da cewa mutum ya daina yunƙuri, ya bar komai ya tafi da kansa, wai sunan abin "wu wei". Shin wannan ba lalaci ba ne aka lulluɓe da rigar hikima?
Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ke kaɗai kalmar ta rikita ba, domin a zahirinta tana nufin "rashin aikatawa". Amma abin da masu ita suke nufi shi ne aikin da babu tilasci a cikinsa, wanda yake bin yadda aka halicci abu maimakon ya yi kokawa da shi. Ita kuwa "Tao" ma'anarta hanya, wato tafarkin da al'amuran duniya suke gudana a kai.

Tushen koyarwar wani ɗan littafi ne, Dao De Jing, mai babi 81 da haruffan Sinanci kimanin 5,000, wanda ake danganta shi ga wani masanin falsafa na zamanin da, mai suna Laozi. An tono tsofaffin kofensa a kaburbura, na siliki a Mawangdui a 1973, na itacen gora kuma a Guodian a 1993. Misalin da littafin ya fi so shi ne ruwa: babu abin da ya kai shi laushi, kullum gangare yake nema, amma a kwana a tashi shi yake cin dutse.

A ganina, labarin da zai fi warware miki zare shi ne wanda Zhuangzi, wani babban masanin falsafar Tao da ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya bayar game da wani mahauci da yake feɗe bijimi a gaban sarki. Sarki ya ga wuƙa tana ratsa nama ba tare da wata gardama ba, sai ya tambaye shi sirrin. Mahaucin ya ce matsakaicin mahauci duk wata yake sauya wuƙa saboda sara yake yi, gwani kuma duk shekara saboda yanka yake yi, amma tasa ta shekara 19 a hannunsa, ta feɗe dubban shanu, kaifinta kuwa kamar yanzu aka wasa ta. Dalili shi ne ba ya taɓa ƙashi, ƴan kafofin da ke tsakanin gaɓoɓi yake bi. Ki lura da abin da masu saurin yanke hukunci suke tsallakewa: ya ce sai da ya shekara uku kafin idonsa ya daina ganin bijimi a dunƙule, kuma har yanzu idan ya zo gaɓa mai wuya yakan natsu, ya rage sauri, ya motsa wuƙar a hankali. Malalaci ba ya kai wa nan.

Ba ga masu sana'a kaɗai aka yi maganar ba, har da masu mulki, domin koyarwar ta bunƙasa ne a zamanin da masarautun Sin suke ta yaƙar juna, kafin a haɗe su a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babi na 60 na Dao De Jing ya kwatanta mulkin babbar ƙasa da dafa ƙaramin kifi, wanda yawan juyi yake farfasa shi. Sarakunan farko na daular Han, musamman Sarki Wen, sun ɗauki wannan ra'ayi, suka rage haraji, suka sassauta hukunci, suka bar manoma su farfaɗo daga wahalar yaƙi.

Sai dai shakkarki ba ta faɗi ƙasa banza ba. Tun a can, wani masani mai suna Xunzi, wanda yake bin tafarkin Confucius, shahararren malamin falsafar Sin, ya soki Zhuangzi da cewa ya shagala da duban tsarin halitta har ya kasa fahimtar sha'anin ɗan Adam.